Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ma'aikatar Ilimin Firamare da Sakandare ta Jihar Katsina: A Koya Wa Yaranmu Sanin Jikinsu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, da addu'ar Allah Ya yi riƙo da hannunku a kan nauyin da kuka ɗauka, roƙo ɗaya ne ya sa na ɗauki alƙalami. A sauko da darasin sanin jikin ɗan Adam ƙasa, wato sassan jiki da aikin da kowanne yake yi, a fara shi daga aji huɗu na firamare har zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. A riƙa bayaninsa da Hausa, yaro yana gani da idonsa, yana taɓawa da hannunsa. Na zaɓi in yi maganar a bainar jama'a ne domin ba ta ma'aikata kaɗai ba ce. Iyaye da malaman makaranta da malaman addini duk suna da ta cewa, gara su ji hujjata su auna ta.

Ni malamin jinya ne da ya yi ritaya a nan Daura. Aikina ya rabu tsakanin ɗakin marasa lafiya da aji, inda na daɗe ina koyar da 'yan shekarar farko masu neman zama ma'aikatan lafiya. Zaɓaɓɓun yara ne, sun ci bayoloji a WAEC ko NECO, wasu da sakamako mai kyau ƙwarai. Za su zana maka zuciya da kibiyoyinta da sunayenta na Turanci ba kuskure ko ɗaya. Amma ka ce wa ɗalibi ya ɗora hannu inda ƙodarsa take, sai ka ga hannun ya nufi mara. Ka ce ya nemo bugun jini a wuyan hannun abokinsa, sai lalube. Ban ga laifinsu ba, ban ga na malamansu ba. Zane jarrabawa ta tambaya, zane aka ba ta. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne yaron da bai kai nan ba. Darasin jiki mai ɗan zurfi sai an shiga babbar sakandare, kuma kun fi ni sanin yawan yaran da karatunsu ke tsayawa kafin can, musamman 'yan mata da 'ya'yan karkara. Su ne kuwa nan da 'yan shekaru za su zama iyaye. Su ne za su yanke shawara a tsakar dare, ko a nemi mota a tafi asibiti ko a jira gari ya waye.

Bari in fara da zuciya. Girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba, tana da ɗakuna huɗu. Ɓangaren dama yana tura jini huhu ya ɗauko iskar oksijin, na hagu yana tura wanda ya ɗauko iskar zuwa ko'ina a jiki. A jikin babban mutum da yake hutawa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, kusan sau dubu 100 ke nan a kwana guda, tana juya jinin da bai wuce kimanin lita biyar ba. Yaro ɗan aji huɗu zai iya gane wannan a safiya ɗaya. Ya sa yatsu biyu a wuyan hannunsa ya ƙirga na minti ɗaya, ya zagaye filin makaranta da gudu, ya dawo ya sake ƙirgawa, sannan malam ya tambaye shi me ya sa adadin ya ƙaru. Daga nan sai a gina masa abin da ke kwantar da iyayensa. Hawan jini shi ne jini ya riƙa matsa bangon hanyoyinsa da ƙarfin da ya wuce ƙa'ida; idan awo ya riƙa nuna 140 bisa 90 ko sama, an shiga. Mafi yawan lokaci ba ya sa ciwon kai, ba ya sa jiri, ba ya sa komai. Shi ya sa magidanci zai sha magani wata guda, ya ji garau, ya ajiye, alhali matsin yana nan yana cin hanyoyin jinin a hankali, gishiri da dunƙulen ɗanɗano kuma suna ƙara masa ƙarfi. Ranar da wata hanya ta fashe ko ta toshe a ƙwaƙwalwa, wurin da jini ya daina kai wa yakan fara mutuwa cikin mintuna. Ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa shi ke riƙe da hagun jiki, na hagu ke riƙe da dama, don haka ɓari ɗaya ne ke shanyewa. Mu da muka yi aiki a asibiti mun sha karɓar irin wannan mara lafiya bayan ya kwana uku ko huɗu a gida ana hayaƙi, an ce iska ce ta buge shi. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, a mota ma ana yin ta. Da akwai yaro ɗaya a gidan da ya san cewa karkacewar baki da sakin hannu da sarƙewar magana alamun ƙwaƙwalwa ne, da wataƙila an fito tun a sa'ar farko.

Haka batun ba da jini. Mace tana zubar da jini bayan haihuwa, a ce ana neman leda biyu, sai ka ga 'yan uwa maza suna zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ba rashin tausayi ba ne, tsoro ne. Sun ɗauka abin da aka ɗiba ya tafi ke nan. Ba wanda ya taɓa gaya musu cewa abin da ake ɗiba bai cika rabin lita ba, cewa ruwansa yana dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma ɓargon da ke cikin ƙashi yana ƙera sabbin jajayen ƙwayoyin jini ya mayar da gurbin cikin 'yan makonni.

Ƙoda ita ce ta fi ba ni tausayi, domin ba ta kuka sai ta kusa ƙarewa. Guda biyu ne, suna ta baya, ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe, dama da hagun ƙashin baya. A cikin kowace akwai ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya. A kwana guda suna tace ruwan jini da ya kai kusan lita 180, su mayar da kusan duka cikin jiki, su fitar da kamar lita ɗaya da rabi a matsayin fitsari, tare da dattin da zai zama guba in ya zauna. Ciwon sukari da hawan jini su ne manyan masu lalata ta. Amma akwai na uku da ya zama ruwan dare a garuruwanmu: lebura ko manomi ko mai tuƙa Keke ya wuni a ranar bazara, zafi ya haura digiri 40, ya yi gumi bai sha ruwan kirki ba, da magariba ya biya kemis a haɗa masa ƙwayoyin ciwon jiki ya watsa a baki. Cikin haɗin nan yawanci akwai irin su diclofenac ko ibuprofen, waɗanda ke rage jinin da ke isa ƙoda, su kuma ci bangon ciki. Yau da gobe sai ƙafa ta kumbura, fitsari ya ragu, a ce sai wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako. Mun ga gonakin da aka sayar a kan haka, mun ga gidajen da suka durƙushe. Darasin da zai rage wannan bai fi ƙarfin yaro ɗan shekara goma sha biyu ba: ga inda ƙodarka take, ga aikinta, in fitsarinka ya yi ja-ja kuma kaɗan to jikinka na neman ruwa.

Ku dubi kuma gudawar yara. Kusan kashi uku cikin huɗu na jikin jariri ruwa ne, don haka gudawa da amai na wuni ɗaya kan iya kai shi gargara. Uwa da ba ta san haka ba sai ta rage ba shi nono da ruwa, a tunaninta tana tsayar da gudawar ne. Maɗiga ta faɗa, a kwaɓa magani a shafa a kai. Ita kuwa maɗiga wuri ne da ƙasusuwan kai ba su gama haɗewa ba, domin kan ya samu wucewa lokacin haihuwa kuma ƙwaƙwalwa ta samu wurin girma, takan rufe wajen shekara ɗaya da rabi. Faɗawarta saƙo ne cewa ruwan jiki ya yi ƙasa ƙwarai. Maganin ta baki yake shiga. Ƙaramin hanji yana da wata hikima da Allah Ya sa masa: idan sukari da gishiri suka zo tare, yakan tsotse su tare, ruwa ya bi su zuwa cikin jini, ko da gudawar ba ta tsaya ba. A kan wannan aka gina ruwan gishiri da sukari, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, in ba a samu na leda ba. An daɗe ana faɗar ma'aunin a rediyo. Abin da ba a faɗa shi ne dalilin, kuma mutum ya fi riƙe abin da ya san dalilinsa.

Ina girmama wanzamai da masu ɗori, sana'o'i ne na gado, kuma a ƙauyuka da yawa su ne na kusa. Amma belu ba cuta ba ne. Kowa da shi aka haife shi, yana taimakawa wajen rufe hanyar hanci lokacin haɗiya, kuma yanke shi ga jinjiri na iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Karaya kuma tana kumbura, in aka ɗaure ta tamau jini ya rasa hanya, yatsu su yi sanyi su yi baƙi, ƙarshenta a yanke hannun da ƙashinsa zai iya haɗewa lafiya lau. 'Ya'yan wanzamai da na masu ɗori suna cikin azuzuwanku, su za su gaji iyayensu. Haka matasan da ke rugawa taimako in an yi hatsari a hanyar Katsina zuwa Daura: da sun san laka a cikin ƙashin baya take bi, da ba su cicciɓi mutum hannu da ƙafa wuya na lilo ba.

Sai sikila, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa a duniya yawan jariran da ake haifa da ita. Jan ƙwayar jini mai lafiya takan yi kimanin kwana 120 tana aiki. Ta mai sikila takan lanƙwashe, ta maƙale a ƙananan hanyoyin jini, wanda shi ne azababben ciwon ƙashin da yaran ke kuka da shi, kuma ba ta wuce kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa kullum jininsu a ƙasa yake. Gado ne, rabi daga uba rabi daga uwa. Idan AS, wato mai ɗauke da gadon sikila daga ɓangare ɗaya kawai, ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato mai ciwon sikila. Kowane ciki, ranku ya daɗe. Na sha jin masu ilimi ma suna cewa ai in an haifi ɗaya mai sikila to ukun da za su biyo sun tsira, wannan kuwa ba haka ba ne. Malami zai iya nuna wa aji wannan da wake fari da ja a cikin jaka biyu, yara su rufe ido su riƙa zaro ɗaya daga kowace jaka suna rubuta abin da ya fito. Yanzu gwajin jinin da ke nuna AS ko SS sai an kai lefe, an sa rana, zukata sun riga sun ƙullu, sannan ake tuna shi. A lokacin nan faɗin gaskiya yana da tsada, har wasu kan nemi takardar ƙarya. Yarinya da yaron da suka san ko suna ɗauke da gadon sikila tun suna ƙaramar sakandare, tambayar za ta zo musu da wuri, kafin soyayya ta yi nisa.

A darasin nan ne kuma za a share wa mata wasu hawaye. Ƙwayoyin gadon ɗan Adam 46 ne, 23 daga uwa, 23 daga uba. Wadda ke rarrabe jinsi, uwa iri ɗaya take bayarwa kullum, X. Uba ne ke bayar da X a samu mace, ko Y a samu namiji, kuma ta wannan sababi Allah Yake ba wanda Ya so mata, Ya ba wanda Ya so maza. Mata nawa aka yi wa gori, aka yi wa kishiya, har aka saka, wai ba sa haihuwar maza?

Nan jiharmu, a Babbar Ruga, akwai cibiyar ƙasa ta gyaran masu yoyon fitsari, mata na zuwa daga nesa ana yi musu aiki. Abin alfahari ne, amma ni burina ranar da gadajenta za su rasa masu kwanciya. Yadda ciwon ke samuwa ba ɓoyayyen abu ba ne. Ƙashin ƙugu zobe ne, ta cikinsa kan jariri zai bi. A gaban hanyar akwai mafitsara, a bayanta akwai ƙarshen hanji. Idan kan ya fi ƙarfin zoben, ko kwanciyar ɗan ba daidai ba ce, sai ya tsaya yana danne naman da ke tsakani a jikin ƙashi. Jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar ɓula. Ƙugun yarinya kuwa yana ci gaba da buɗewa shekaru bayan ta fara al'ada, kuma rashin abinci mai gina jiki a yarinta yana tsuke shi. Wanda ya fahimci cewa ƙashi ne ya tare hanya ya san yankan gishiri ba zai buɗe ta ba, sai dai ya ƙara rauni. Ya san naƙudar da ta haura awa 12 ba ci gaba ba ta haƙuri ba ce, ta asibiti ce. Kuma wannan sani maza sun fi buƙatarsa, domin a gidaje da yawa mace ba ta fita sai da izinin miji, kuɗin mota ma a aljihunsa yake.

Na san abin da za a fara cewa: kunya, da tsoron kada a buɗe wa yara ido. Damuwa ce ta gaskiya, ni ma uba ne, ba na raina ta. Sai dai littattafan fiƙihu na farko da muke karantawa a zaure da Islamiyya suna bayanin haila da jinin biƙi da alamomin balaga ɓaro-ɓaro, cikin ladabi, ba wanda ya ce sun lalata tarbiyya. A Suratuz Zariyat, aya ta 21, Allah Ya kira mu mu dubi ayoyinsa a cikin kawunanmu. Kuma wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurin Musulmi. Ibnun Nafis, likita kuma masanin fiƙihu, wanda ya tashi a Dimashƙa ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ne ya bayyana cewa jini daga daman zuciya ta huhu yake bi ya koma hagu, ya ƙi yarda da maganar magabatan likitoci cewa akwai ƙofofi a bangon da ke tsakani. Sai a 1628 William Harvey na Ingila ya bayyana zagayen jinin gaba ɗaya. Ƙasar da ta yi Gobarau, ta yi Waliyyi Ɗanmarna da Ɗanmasani, ba ta da dalilin jin tsoron wannan darasi. Abin da ya shafi balaga da haihuwa a raba aji, malama mace ga 'yan mata, namiji ga maza. A ba malaman addini da wakilan masarautun Katsina da Daura littafin su duba kafin a buga, iyaye ma su gani. In ba mu koyar ba, waya tana koyarwa, masu tallar magani da lasifika a kasuwa ma suna koyarwa, kuma kun ji irin kalmomin da suke amfani da su a gaban yara.

Za a ce kuma ba kuɗin kayan aiki. Mahauta suna kowane gari. Zuciyar rago ɗakuna huɗu gare ta kamar tamu, a tsaga a nuna. A zura tiyo a maƙogwaron huhu a hura da famfon keke, yara su ga yana kumbura yana saɓewa. Yaron da ya ga haka ba ya manta yadda numfashi yake. A raba ƙoda biyu, a nuna hanta da matsarmama a manne da ita. Malam dai ya tuna ya faɗa musu cewa tumbin rago kashi huɗu ne saboda tuƙa, cikin mutum kuwa ɗaya ne, kuma a wanke hannu da sabulu bayan an gama. Kowane yaro a jihar nan ya tsaya kan kayan ciki ranar Babbar Sallah, bayani ne kawai bai samu ba.

Wasu abokan aikina na ganin guntun sani zai sa mutane su mayar da kansu likitoci. Ban yarda ba. Ai yanzu ma suna yi, ba tare da sanin komai ba. Darasin da nake roƙo ba ya koyar da sunan ƙwaya ko adadin da za a sha. Yana koyar da yadda jiki mai lafiya yake aiki da alamomin da in an gan su ba a jira.

Masu yin aikin suna nan a gida. Akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Katsina da ta Isa Kaita a Dutsin-Ma masu horar da malamai. Akwai makarantun koyon aikin lafiya a Kankiya da Daura, da ta ungozoma a Malumfashi, da ta jinya a Katsina, ga masana Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. A zaunar da su tare su fitar da ƙaramin littafi guda mai zane, da Hausar da kaka za ta gane in jikanta ya karanta mata, sunayen Turanci na biye domin jarrabawa. Ba sai an ƙara sabon darasi a jadawali ba, lokutan kimiyya da na kiwon lafiya da ake da su sun isa in an gyara abin da ake yi a cikinsu. A jarrabawar ƙarshen zango kuma a sa tambayar da sai an tashi tsaye za a amsa ta: nuna mini inda hantarka take, ƙirga mini bugun jinin abokinka. Littafin nan in ya fito a miƙa shi ga makarantun Islamiyya da azuzuwan yaƙi da jahilci na matan aure.

In ana shakka, a gwada a ƙaramar hukuma ɗaya daga kowace shiyya, Katsina da Daura da Funtuwa, na tsawon shekarar karatu guda, sannan a tambayi ma'aikatan asibitocin wuraren ko sun ga bambanci a lokacin da ake kawo musu yara masu gudawa da mata masu naƙuda. Mu da muka yi ritaya daga aikin jinya da ungozoma muna da yawa a garuruwan nan, da yawanmu za mu shiga aji mu taya malamai ba tare da an biya mu ba, in ma'aikata ta ba da izini a rubuce ta kuma gaya wa shugabannin makarantu su karɓe mu.

Allah Ya ƙara muku lafiya da basira, Ya ba jiharmu zaman lafiya.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin jinya,
Daura, Jihar Katsina.